Ƙarin Ram: Gwanintar da Ke Raya Tsofaffin Kwamfutocin Dutse

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke aiki a Dutse ba a nan suka fara rayuwa ba. Leƙa shagunan buga takardu da ke kusa da Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko na kewayen sakatariya, ko ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare a Kiyawa ko Birnin Kudu, za ka tarar da baƙaƙen akwatuna masu tambarin HP da Dell da Lenovo. Sun yi shekarunsu a ofisoshin Turai da Amurka, aka sallame su, suka biyo jirgin ruwa zuwa Legas, suka ratsa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wasu suka yada zango a shagunan Titin Beirut da ke Kano, kafin a ɗoro su a mota zuwa Jigawa. A kansu ɗalibi ke buga aikinsa na kammala karatu, a kansu ake cike fom ɗin neman aiki, a kansu ake zana katin biki da fostar ɗan takara.

Na'urori ne masu ƙarko, sai dai zamani ya yi musu nauyi. Manhajojin yau sun fi na shekara goma da suka wuce ci, shafukan intanet ma sun ƙara ƙiba. Shi ya sa kullum kake jin mai shago yana cewa kwamfutarsa ta yi nauyi, tana maƙalewa, sai ya danna abu ya zauna jira ga layin mutane a bakin ƙofa. Sau da yawa magani mafi araha shi ne ƙarin ram. Saka shi a gurbinsa aikin minti biyar ne. Zaɓen wanda na'urar za ta karɓa shi ne aikin, kuma a nan ake gane gwani. Akwai masu gyara a garin nan da suka ƙware a wannan zaɓe ƙwarewar da ta cancanci a tsaya a kalla, domin da ita suke ƙara wa na'urar da aka fid da rai da ita shekaru na amfani.

Abin da ram ke yi

Ɗauki had dis a matsayin rumbu, ram a matsayin turmi, furosesa kuma mai daka. Komai cikar rumbu, abin da ya shiga turmi kaɗai ake dakawa. In turmin ƙarami ne, mai daka za ta yini tana kwashewa tana komawa rumbu ɗebo wani, ko da kuwa tana da ƙarfin hannu. Haka kwamfuta take idan ram ya yi mata kaɗan: duk abin da bai samu wuri ba sai ta mayar da shi had dis, ta sake ɗauko shi idan an buƙata, had dis kuwa tafiyarsa ba ta ko kusa da ta ram. Wannan kai-komo shi ne nauyin da mai shago yake ji. Kuma da zarar wuta ta ɗauke, duk abin da ke cikin ram ya tafi, shi ya sa takardar da ba a adana ba take ɓata in Nepa ta yi halinta.

Wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Robert Dennard ne ya ƙirƙiro irin wannan ma'adana a 1966, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1968. A 1970 kamfanin Intel ya fito da ƙwayar da ake kira 1103, mai ɗaukar bit 1024 kacal. Ram guda mai giga 8 da ake sayarwa yau ya ninka wannan fiye da sau miliyan 60. Kusan duk baƙaƙen ƙwayoyin da ke manne a jikin ram kamfanoni uku ne ke ƙera su: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Ƙa'idojin da kowa ke bi kuwa, na tsawo da yawan haƙora da ƙarfin wuta, wata ƙungiyar masana'antu ce mai suna JEDEC take tsara su. Waɗannan ƙa'idoji su ne karatun mai gyara.

Tambaya kafin saye

Alamar gwani ta farko ita ce ba ya saurin buɗe durowa. Mutum zai shigo ya ce, “Injiniya, giga takwas nake so ka ƙara mini.” Shi kuma zai ce, “To Alhaji, wace kwamfuta ce? Mece ce lambarta? In ba ka zo da ita ba, sa yaro ya ɗauko hoton gabanta da takardar da ke manne a jikinta ya turo ta WhatsApp.” Wanda bai san aikin ba zai ga kamar jan rai ne. Amma abu huɗu yake nema, kuma in ɗaya ya kuɓuce masa kuɗin Alhaji sun tafi a banza: wane zamanin ram na'urar take ci, dogo take ɗauka ko gajere, gurbi nawa ne a jikin madabod ɗinta, wato babban allon da ake jona komai a kai, kuma nawa ne babu kowa a ciki, sannan iyakar abin da za ta iya ɗauka nawa ne.

In na'urar tana gabansa kuma tana tashi, yakan fara tambayarta da kanta. A Windows 10 da 11, Task Manager yana nuna yawan ram, da gudunsa, da adadin guraben da aka cike. Wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna CPU-Z tana ƙara bayani: sunan madabod, kamfanin da ya ƙera kowane ram, da abin da ke zaune a kowane gurbi. Tana samun wannan bayani ne daga wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ke jikin kowane ram, wadda ake kira SPD, inda aka rubuta sunansa da ƙarfinsa tun daga masana'anta. Duk da haka gwani ba ya tsayawa a abin da sikirin ya faɗa. Sai ya buɗe murfin ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji, kuma manhaja ba za ta gaya masa cewa gurbi ɗaya ya karye ko ƙura ta toshe shi ba.

Akwai kuma tambayar da sabon shiga ke mantawa da ita: wane irin Windows ne a kai? In mai bit 32 ne, ba ya iya amfani da abin da ya wuce giga 4, a aikace ma uku da wani abu yake gani. Ka zuba wa irin wannan na'ura giga 16, za ta ci gaba da tafiyarta ta da. Dole sai an sauya zuwa mai bit 64 kafin ƙarin ya yi amfani, kuma gwani yakan faɗi haka tun kafin a yi ciniki.

Zamani biyar, tsaga ɗaya

Ram na kwamfutar tebur ya bi zamani biyar a wannan ƙarni. DDR na farko ya fito a 2000, da haƙora 184 da wuta bolt 2.5. DDR2 ya biyo baya a 2003, haƙora 240, bolt 1.8. DDR3 ya zo a 2007, shi ma haƙora 240, amma bolt 1.5. DDR4 ya shigo kasuwa a 2014 da haƙora 288 da bolt 1.2, sannan aka fitar da ƙa'idar DDR5 a 2020, haƙora 288, bolt 1.1. Dukkansu tsawonsu ɗaya, santimita 13 da ɗan ɗori. DDR2 da DDR3 haƙoransu ɗaya, haka ma DDR4 da DDR5, don haka ido mara horo ba zai bambance su ba.

Abin da ya raba su wata 'yar tsaga ce a tsakiyar layin haƙoran zinaren nan. Kowane zamani da inda aka yanka tasa, kuma a cikin gurbin madabod akwai ɗan tudun da dole ya shiga tsagar kafin ram ya zauna. An yi haka ne da gangan, don kada a saka wa na'ura abin da wutarsa ba tata ba ce. Wanda ya ƙware, da ya ɗaga ram ya kalli inda tsagar take ya san zamaninsa. A DDR4 ma akwai ƙarin alama: layin haƙoransa ba miƙaƙƙe ba ne, ya ɗan fi tsawo a tsakiya. Madabod ɗin DDR3 ba ya karɓar DDR4, kuma babu dabarar da za ta sa ya karɓa. Wanda ya ce zai danna da ƙarfi, gurbin zai fasa.

Dogo da gajere kuwa wani tarko ne daban. Kowa ya san gajeren ram, mai kusan rabin tsawon dogon, na laftof ne. Amma ƙananan kwamfutocin tebur da suka yawaita yanzu, irin su HP Mini da Dell Micro da Lenovo Tiny, gajeren suke ci. Ko a tsofaffi, HP Compaq Elite 8300 mai babban akwati tana da gurbi huɗu na dogo, amma siririyar cikinsu mai suna ɗaya da lamba ɗaya gurbi biyu ne da ita, na gajere. Shi ya sa sunan na'ura kaɗai ba ya isar gwani, sai ya ji girman akwatinta.

Karatun farar takarda

Inda aikin ya fi burge ni shi ne karatun 'yar farar takardar da ke manne a jikin ram. Ga misalin abin da za ka gani: 4GB 2Rx8 PC3-12800U. Ga mai saye, 4GB ɗin kaɗai ke magana. Ga gwani, kowane harafi labari ne. PC3 na nufin DDR3. Lambar 12800 yawan megabait ne da yake iya turawa a daƙiƙa, in ka raba ta da takwas ka sami 1600, wato gudunsa ke nan. In ya ga 10600, ya san mai gudun 1333 ne. A DDR4 an sauƙaƙa, gudun ake rubutawa kai tsaye, kamar PC4-2400T ko PC4-3200AA. Shi kuma 2Rx8 yana nuna yadda aka jera ƙwayoyin: rukuni biyu, yawanci ƙwaya takwas a kowane gefe.

Harafin ƙarshe, irin U ɗin da ke misalinmu na farko, shi ya fi jawo asara. U na kwamfutar tebur ce ta yau da kullum. S na gajere ne. R kuwa na saba ne, manyan na'urorin da ke cibiyoyin adana bayanai. Irin wannan yakan shigo cikin kayan gwanjo, mai giga da yawa kuma da sauƙin kuɗi, tsagarsa ta dace da gurbi tsaf, ya zauna daram. Sai a kunna na'ura, fanka ta juya, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Araha ba ta ado. Gwani yana gane shi tun daga nesa, saboda wata ƙarin ƙwaya da ke tsakiyarsa wadda na tebur ba shi da ita.

Sai harafin L. In an rubuta PC3L, DDR3 ne mai cin bolt 1.35 maimakon 1.5. Dubi yadda wannan ƙaramin harafi yake aiki a na'urori uku 'yan gida ɗaya da Dell ya fitar a 2015: OptiPlex 3040 da 5040 da 7040. Furosesansu zamani ɗaya ne, na shida a jerin Intel Core, akwatunansu kuma kamar an tsaga kara. Amma 7040 DDR4 take ci, 3040 da 5040 kuwa DDR3L. Wanda ya ɗauka duk zamani na shida DDR4 ne zai sayo abin da ba zai shiga gurbi ba. Wanda ya gane DDR3 ne amma bai lura da L ba zai sayo abin da zai shiga, na'urar kuma ta iya ƙin tashi da shi. Mai L ɗin yakan yi aiki a tsofaffin na'urorin bolt 1.5, don haka mai gyara mai dabara shi ya fi ajiyewa a durowa.

Tarko mafi ɓoyuwa yana jikin tsofaffin na'urorin Core 2 Duo masu cin DDR3, irin su OptiPlex 780. Ka kawo mata giga 4, DDR3, mai U, komai daidai, amma ta ƙi. Dalili shi ne madabod ɗinta bai san manyan ƙwayoyin da aka ƙera daga baya ba. Giga 4 mai ƙwaya takwas a gefe ɗaya, wanda aka rubuta wa 1Rx8, ya fi ƙarfin fahimtarta. Wanda take karɓa shi ne mai ƙwaya goma sha shida, gaba da baya, 2Rx8. Don haka idan ka ga mai gyara yana juya ram yana kallon bayansa, ƙwayoyi yake ƙirgawa. Irin wannan sani, na'urar da ta ƙi tashi a hannun mutum ce take koya masa, sai kuma oga mai haƙuri da ya zauna ya fayyace dalili.

Biyu-biyu

Bayan an tabbatar ram zai yi aiki, sai batun yadda zai fi aiki. Yawancin waɗannan na'urori hanya biyu ce tsakanin furosesa da ram. In ram ɗaya ne a ciki, hanya ɗaya ke aiki. In biyu ne iri ɗaya a guraben da suka dace, hanyoyin biyu suna aiki tare. Saboda haka giga 4 guda biyu sun fi giga 8 guda ɗaya sauri, musamman a na'urar da ba ta da katin hoto na daban, wadda ke aron ram don nuna hoto. A madabod mai gurbi huɗu akan bambanta guraben da launi don a san waɗanda ke tafiya tare, littafin na'urar kuma yana faɗin wanda za a fara cikewa.

Amma gwani yana duba gobe. In gurbi biyu ne kacal, kuma mai na'urar yana da niyyar ƙarawa baɗi, zai ba shi shawarar giga 8 guda ɗaya yanzu, a bar ɗaya gurbin. In an haɗa mai gudun 1600 da mai 1333, duka biyun za su koma tafiyar 1333, don haka babu amfanin biyan kuɗin mai sauri a haɗa shi da mai nawa. Haɗa giga 4 da giga 8 yakan yi aiki, haɗa kamfani biyu ma haka, sai dai kowane bambanci ƙofa ce da matsala ke iya shigowa ta ciki, kuma shi ya sa ake gwadawa.

Hannu da hunturu

Yanayin Jigawa ya ƙara wa wannan sana'a darasi biyu. Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana cusa ta cikin kowace kafa ta akwatin, ta kwanta a gurbi, ta shiga tsakanin haƙora. Kwamfutoci da dama da ake kawowa da sunan ram ya mutu, datti ne kawai ya raba haƙori da gurbinsa. Mai gyara zai cire ram ɗin, ya goge haƙoran a hankali da kilinar fensir har zinaren ya fito, ya share ɓurɓushin, ya hure gurbin da bulowa, ya mayar. Na'ura ta tashi, ba a sayi komai ba.

Na biyu shi ne wutar jiki. A bushewar hunturu, wannan ɗan tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi ya isa ya lalata ƙwayar ram, kai ko wanda bai kai ka ji shi ba yana iya yin ɓarna. Shi ya sa gwani yake zare wayar wuta tukuna, ya danne makunni na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, ya dafa ƙarfen akwatin da tafin hannunsa, sannan ya ɗauki ram ta gefe da gefe, yatsansa bai taɓa haƙora ba. Zai buɗe maƙalan da ke bakin gurbi, ya daidaita tsaga da tudu, ya ɗora manyan yatsunsa biyu a ƙarshe da ƙarshe, ya danna daidai wa daida har maƙalan su rufe da kansu, ƙas. In ɗaya bai rufe ba, ram bai zauna ba, kuma na'urar za ta faɗa: wata da ƙara tit-tit, wata da ƙiftawar fitilar makunni.

Tashin na'ura ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ram na hannu yana iya nuna cikakken gigansa alhali wani lungu a cikinsa ya lalace, sai bayan mako guda sikirin ya fara komawa shuɗi a tsakiyar aiki. Mai gyara na ƙwarai yana da manhajar gwaji ta MemTest86 a filashinsa, ko ya kunna manhajar gwajin ram da ke cikin Windows, ya bar ta ta bi kowane lungu. Zai ce, “Hajiya, a bar ta ta kwana a nan tana gwaji, gobe da safe a aiko a ɗauka.” Wannan jinkiri na dare ɗaya shi ne garantin da kayan gwanjo ba su zo da shi ba.

Sanin lokacin da ba a ƙari

Abin da ya fi ɗaga darajar gwani a idona shi ne ranar da ya ƙi sayarwa. Zai buɗe Task Manager ya ga ram rabi kawai ake ci, had dis kuwa ya tsaya a kashi 100. Nan zai ce ciwon ba na ram ba ne, a sauya had dis da SSD, irin ma'adanar da ta fi shi sauri. Wata rana zafi ne, fanka ta cika da ƙura, furosesa yana rage gudu don kada ya ƙone. Wata rana tarin manhajojin banza ne ke tashi tare da na'urar. Mai buga takardu da Word kawai, giga 8 ya wadace shi. Mai zane da CorelDraw ko Photoshop shi ne zai ji daɗin 16. Faɗin wannan gaskiya yana rage cinikin yau, amma da shi ake gina sunan da ke kawo mutane daga Jahun da Gwaram da kwamfuta a ɗaure bayan babur.

Me ya sa ya dame mu

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar kwamfuta. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, jihar ta kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure. An buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, Jami'ar jihar da ke Kafin Hausa ta biyo baya a 2013. Daga 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, wanda ke nufin yaron da ya taso a ƙauye dole ya zauna gaban sikirin kafin ya ga ƙofar jami'a. Duk wannan yana buƙatar na'urori masu aiki, kuma aljihun makarantu da masu ƙananan shaguna ba ya ɗaukar sababbi.

Lokacin ma ya ƙara tsananta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ya karɓar yawancin furosesan Intel da suka girmi zamani na takwas. A nan ma shawarar gwani tana da tsada: shi zai gaya maka wace na'ura ce ta cancanci a ƙara mata ram, wace ce kuma gara a tara kuɗin a sauya ta. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Kuskuren zaɓe da a da ake iya shanyewa, sai ya zama asara ta gaske.

Saboda haka wannan sani bai kamata ya tsaya a kan 'yan mutane kaɗan ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a jami'a ko kwalejin fasaha ya dace ya yi hutu guda a shagon gyara, ya riƙe sukundireba, ya koyi karanta farar takardar nan. Makarantar da ke da ɗaki cike da na'urorin da aka jingine ta kira mai gyara ya duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a rubuta takardar sayen sababbi, domin ram ɗin biyu da suka mutu yana iya tayar da ta uku. Masu gyaran su ma su riƙa rubuta abin da kowace na'ura ta karɓa da abin da ta ƙi a littafi, yaransu su gada. Kai kuma mai kwamfuta, in za ka je ƙarin ram, tafi da na'urar ko lambarta, ka amsa tambayoyin injiniya da haƙuri, ka biya shi kuɗin saninsa kamar yadda ka biya kuɗin kayan.